Ranar da Baba Ya Mayar da Tuwon Iya Gambo

Ranar Litinin, ɗaya ga watan Oktoba na 1979, ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ita ce ranar da na fara ganin an mayar da tuwo daga ƙofar gidanmu. Tun safe lungunmu na Madabo yake a cike. Babu makaranta, babu ofis, duk dakalin da ka duba maza ne sun kewaye rediyo, mu yara kuma muna ta zarya tsakanin soro da tsakar gida muna kai wa mata labarin da mu kanmu ba mu gane ba. Shekarata goma a lokacin. Da la'asar ta yi sanyi na ɗauki kwanon tuwonmu na kai gidan Iya Gambo kamar kullum, na karɓo nata, na rufe da faifai na taho ina tsallake kwata. Ina sa ƙafa a soro na ga Baba a tsaye, ba a kan buzunsa ba. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "Bilki, koma da shi. Ki ce ina gaishe ta, ki ce ta yi haƙuri. Daga yau kada kwano ya shigo, kada kuma ya fita, sai na ce." Kwanon yana ƙona min tafin hannu, amma ko sauya hannu na kasa yi. Na tsaya ina kallonsa, na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba.

Wanda bai tashi a cikin birni ba, zai ce mene ne abin tashin hankali a kwanon tuwo. Ciyayya muke ce mata. Gida biyu ne za su ƙulla cewa duk abin da aka dafa da yamma sai an zuba wa ɗayan, shi ma ya zubo nasa, ba don wani yana jin yunwa ba. Tamu da gidan Iya Gambo ta girmi Baba. Kakata Inna, wato mahaifiyar Baba, shekara ɗaya aka kawo su lungun da Iya Gambo suna amare, gida uku ne tsakaninsu. Sun yi goyo tare, sun aurar da 'ya'ya tare, sun yi takaba kusan tare, kuma kwanon nan bai taɓa fashi ba. Ko faɗa suka yi, don suna yi, Inna ba ta da haƙuri ita kuma Iya Gambo ba ta barin ta kwana, kwano yana tafiya abinsa, sai dai a zuba miya babu nama don a san akwai magana. A iya sanina mutum biyu ake mayar wa da kwano: wanda ake zargin yana sa magani a abinci, da wanda aka yanke zumunci da shi. Ni ce nake ɗaukar kwanon tun ina shekara bakwai, kuma ina alfahari da aikin, don a hanya nake ɗaga faifai in ga abin da za mu ci.

Baba alƙali ne a Babbar Kotun Jiha. Mazan unguwa Joji suke ce masa, tsofaffin mata kuwa ba su taɓa daina kiransa Habu ba. A ɗakin da nake kwana aka haife shi. Mahaifinsa malamin soro ne mai ɗalibai, ya rasu Baba yana elementare, Inna ta raine shi da kaɗin auduga da sayar da koko. Ita da bakinta take ba mu labari cewa a shekarun nan da tukunyarta ba kullum take hawa murhu ba, kwanon Iya Gambo a cike yake zuwa, ya koma da ɗan abin da ya samu, wani lokacin gaya ba miya, kuma ba a taɓa jin zancen a waje ba. Daga allo Baba ya shiga boko, ya yi karatun shari'a a Shahuci, ya yi akawun kotu, ya tafi Zariya, ya haye Ingila, ya dawo ya yi majistare a garuruwan da ko sunansu ba mu iya faɗa ba, kafin a ba shi jar riga da hular nan mai kama da gashin tunkiya da yake ajiyewa a baƙin gwangwani. An ba shi gidan gwamnati a Nassarawa mai furanni da famfo a ɗaki, Inna ta ce ita gawarta ce kawai za ta fita daga lungun, shi ke nan ya zauna. Motarsa ba ta iya shigowa, a bakin titi take jira. Kullum da safe yakan taka lungun da ƙafa, ɗan sanda yana biye da shi da jaka, yana tsayawa yana gaida kowane tsoho a kan dakalinsa. Mutum ne marar yawan magana. Abin da na fi ji daga bakinsa game da aikinsa shi ne, "Magana in ta zo gabana, ba ta da uwa ba ta da uba."

Maganar da ta zo gabansa a wannan karon kuwa tana da kaka, kuma gida uku ne tsakaninmu da ita. Sani jikan Iya Gambo ne, saurayi mai wankin hula a bakin lungu, mai yawan dariya, shi yake ba mu ruwan kumfa muna busawa da kara. Lokacin yawon neman ƙuri'a samarin jam'iyyu biyu suka kacame a wajen Gwale, aka sauke wa wani mutum gora a ka, ya kwana biyu a asibiti ya cika. Aka kama samari da dama, aka saki saura, Sani ya rage a tsare saboda an sami waɗanda suka ce sun gan shi da gorar. Shari'ar kisa ta Babbar Kotu ce, kuma ko mu yara mun san ƙarshenta in ta tabbata, rataya ne. Sai da na girma na ji cewa Baba ya faɗa a gaban kotu cewa yaron maƙwabcinsa ne, in akwai mai ja zai sauka, lauyoyin ɓangare biyu suka ce sun amince da shi. Unguwa kuwa da ta ji shari'a tana hannun Joji sai ta hau murna. A bakin famfo na ji wata tana cewa, "Ai shi ke nan, Sani ya dawo gida." Maza a dakali suna cewa soja ne ba a roƙo, yanzu mulki ya dawo hannun mutane, kowa yana da wanda zai kama ƙafa da shi.

Na koma da kwanon. Iya Gambo tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale, jikarta Ladidi, ƙanwar Sani kuma ƙawata ta ƙut da ƙut, tana hura wuta. Na durƙusa na ajiye, na faɗi saƙon kamar mai karanta hadda. Iya Gambo ta daɗe tana kallon faifan, sannan ta ce wa Ladidi ta ɗauko namu da na kawo ɗazu, ko buɗe shi ba a yi ba, ta ce, "Miƙa mata ta tafi musu da nasu." Ladidi ta dangwara min shi a hannu ba ta kalle ni ba. A gida kuwa Inna ta tashi kamar za ta tsaga ƙasa. Ta aika a kira Baba, ya shigo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, babban mutum da furfura a gemu, kansa a sunkuye. Ta ce, "Habu, tuwon da ya raine ka ne yau ya zama cin hanci?" Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Akwai wata uwar a Gwale da aka kashe wa ɗa. In ta ji kullum da tuwon gidan su Sani nake kwana, me zan ce mata?" Inna ta shige ɗaki ta saki labule, ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannun kowa ba.

Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa, kuma fassara ɗaya aka yi masa: wanda ya mayar da tuwo ya riga ya yanke hukunci, Joji zai rataye Sani. Daga nan lungun da na sani ya sauya min. In na je famfo da bokiti sai layi ya matse, kowa ya ce bayansa akwai mutum. A makarantar allo Ladidi ta ɗauke allonta daga kusa da nawa, kurtun tawadar da muke tsoma alƙalami tare ta koma da shi can gefe. Da yamma 'yan mata suna gaɗa a dandali, in na doso sai a sauya waƙa, a sa wata da aka saƙa sunana a ciki da na hular Baba. Carafke ma na koma yi ni kaɗai a bayan rijiya. Wata rana na kasa daurewa na shaƙe wata yarinya da ta kira ni 'yar mai rataya, na dawo gida da yagaggen ɗankwali, Umma ta ƙara min da nata dukan. Yayana ya zo da wanda ya fi wannan. Ya ce a masallaci in an tayar da sahu, na dama da na hagun Baba sai su bar ɗan fili tsakaninsu da shi, kafaɗa ba ta taɓa kafaɗa. Da safe Baba yana bin dakali yana gaisuwa kamar yadda ya saba, ana amsa masa da ka, wasu kuma su sami abin dubawa a ƙasa. Bai fasa gaisuwar ba ko sau ɗaya.

Sai dattawa suka yi gayya. Mai unguwa da liman da wasu tsofaffi suka zo bayan sallar la'asar, suka yi sallama. Bisa al'ada a shimfiɗa musu tabarma a soro, a kawo ruwa da goro. Baba ya fito ya tsaya da su a waje, a tsakiyar lungu inda kowa yake gani. Ina leƙe ta bayan ƙyaure. Liman ya fara da cewa sun zo ne a kan maganar yaron nan, Baba ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in a kan wannan ne, kotu a buɗe take, kowa yana iya zuwa ya ji." Tsofaffin da suka ga ranar sunansa suka juya suna gyara rawani, babu wanda ya ce masa sai an jima. Bayan kwana kaɗan aka wayi gari an farfasa fitilar motarsa. Aka kawo ɗan sanda ya zauna a ƙofar gidanmu da kulki, abin da ya ƙara ɓata lamarin, don yanzu ko mai tallan gyaɗa ba ta tsayawa a wajenmu. Umma ta fara maganar gidan Nassarawa a hankali, tana naɗe kayanta a adaka ba tare da ta ce tafiya za a yi ba.

Babbar sallah ta zo a cikin wannan hali. Aka yanka raguna, aka rataye su, washegari aka hau rabo. Mu yara wannan ce ranarmu, don kowane gida ka kai nama sai an ba ka tukuici. Inna da hannunta take ware cinyar da ake kai wa Iya Gambo duk shekara. Ta ware ta, ta ɗora a faranti, ta zauna tana kallon ƙofar soro. Baba ya shigo ya ga farantin, ya ce, "Inna, ba bana ba." Muka kai wa sauran gidaje, wasu suka karɓa suna haɗe rai, wasu suka ce a gaida Inna, ita kaɗai. Har rana ta faɗi ko tsoka ɗaya ba ta shigo gidanmu daga lungun ba. Ina jin ƙamshin suya ta kan katanga ta ko'ina, ina jin dariyar yara, mu kuma muna zaune da namanmu tuli kamar masu zaman makoki. Ranar na tsani aikin Baba, na tsani jar rigar, na tsani gwangwanin hular. Na yi ta addu'a a raina Allah ya sa a kore shi daga aiki ya koma wankin hula kamar Sani, mu huta.

Shari'a ta ja har zafi ya shigo. Inna ta rame, ta daina fitowa shan hantsi. Ba a hana ta zuwa gidan ƙawarta ba, ita ce ta ce da wace fuska za ta shiga. Ranar da za a yanke hukunci Alhamis ce. Mazan lungun duk suka tafi kotu, har masu shago suka rufe. Umma ta hana mu zuwa makaranta, ta sa aka saka sakata a ƙofa da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Na hau surfe ba don an sa ni ba, don dai hannuna ya sami abin yi, taɓarya tana zamewa saboda gumi. Kowa ya san in aka ce rataya, gidanmu za a fara dosa. Wajen azahar muka ji gudu a lungu, ƙafafu da yawa, da ihu. Umma ta rungume ƙanena ta hau salati. Sai guɗa ta tashi daga wajen gidan Iya Gambo, doguwa, wata ta karɓa, wata ta ƙara. An saki Sani. Daga baya aka ce shaidun biyu da suka ce sun gan shi da gorar sun saɓa wa juna a kan komai, har inda suka tsaya da rigar da ya sa, kuma an kawo waɗanda suke tare da shi a wani wurin a lokacin.

Mutanen da suka yi watanni ba sa amsa gaisuwarsa su suka rako Baba tun daga bakin titi, ana ta ɗaga hannu ana cewa, "Sai Joji! Namu ya yi mana! Ashe dabara ce!" Na leƙa ina tsammanin zan ga yana murmushi. Ban taɓa ganin fuskarsa a ɓace kamar ranar ba, ko lokacin da aka fasa masa fitila. Ya tsaya a bakin soro ya ce, "Ba ni na sake shi ba. Shaida ce ba ta kama shi ba." Babu wanda ya saurara. Wani ma dariya ya yi ya ce, "Mun gane, ranka ya daɗe, mun gane."

Inna kuwa ta miƙe kamar ba ita ce take kwance ba. Ta kori Umma daga murhu, ta yi funkaso da miyar taushe da hannunta, ta kwarara man shanu, ta rufe da sabon faifai ta ce in ruga. Baba yana soro, ya ga kwanon, ya matsa gefe ya ba ni hanya. Gidan Iya Gambo a cike yake da mata 'yan barka. Ladidi ta hango ni ta taho da gudu ta riƙe min gefen zane, kamar ba a taɓa yin komai ba. Na durƙusa na ajiye kwanon. Iya Gambo ta ja ni cikin ɗaki, ta sauke labule. Ta ɗaga faifan, ta daɗe tana shaƙar ƙamshin, ta ce, "Hannun Inna ne wannan." Sannan ta mayar ta rufe. Ta ce, "Bilki, kin ji abin da ake faɗa a waje? Cewa ake Habu ya yi mana alfarma. In na karɓi wannan, gobe sai na aika nawa. In nawa ya shiga gidanku, za a ce tukuici ne, har matar can ta Gwale ta ji. Ranar da ya mayar min da tuwo na yi kuka, don ni ban taɓa zuba shi saboda Sani ba. Amma tunda ya jure ya kai nan, ba ni zan ɓata masa ba. Ki ce wa Inna ta yi haƙuri. Ki ce wa Habu na yafe." Ta ɗora min kwanon a ka da hannunta.

Na ratso ta cikin masu guɗa da kwanon a kaina ina kuka, suna tsammanin na murna ne. Na faɗa wa Inna saƙon Baba yana tsaye. Inna ta zauna a bakin turmi ta ce, "Gambo ke nan." Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, sannan ya shige ɗakinsa. Washegari Inna ta yafa mayafi ta tafi barka, suka ci gaba da zumuncinsu, suna hira, suna faɗa, suna raka juna biki da gaisuwar mutuwa. Amma daga ranar har Iya Gambo ta bar duniya, ɗaya ba ta sake cin girkin ɗaya ba. Na sha ganin Inna ta ɗauko kwano da yamma ta kai bakin tukunya, sai ta tuna, ta mayar da shi inda ta ɗauko shi.

Baba ya yi shekaru masu yawa a kan kujerar kafin ya yi ritaya, kuma a wannan lungun ya rasu. A zaman makokinsa manyan lauyoyi da alƙalai suka cika soro, kowa yana cewa mutum ne da ko ruwan wani bai taɓa sha ba in yana da magana a gabansa. Ina daga ciki ina ji, na san gaskiya suke faɗa, na kuma san abin da ba su sani ba. Yanzu gidajen ƙasa na lungun sun zama na siminti, an toshe soraye an fitar da shaguna, rijiyarmu an rufe ta. Ni ma a bayan gari nake zaune, cikin doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, shekara da shekaru ban san ɗanɗanon miyar maƙwabciyata ba, ita ma ba ta san tawa ba. Jikokina da na ba su labarin nan sun fi mamakin a ce kullum sai an kai wa wani gida abinci, fiye da mamakin an mayar da shi. Ni kuwa in la'asar ta yi sanyi har yau sai in ji kamar akwai aiken da ban je ba. Sunan da ake yabon Baba da shi, tsofaffin mata biyu ne suka taya shi ɗauka.